Matar Da Na Kashe Da Turanci

Kafin in ce komai, akwai wata baiwar Allah da ta rubuto a ƙasan shafin nan cewa mai furfura a gemu ba shi da hurumin rubuta labarin soyayya, ya je ya nemi carbi. Na gani, na gode. Carbin yana aljihuna. Amma ki bar ni in amayar da abin da ke cikina, don likita ya ce hawan jinina ba na gishiri ba ne. Ni kuwa na san na mutum ɗaya ne, kuma yau za ku san shi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni mai shagon tabarau ne. Ina ɗaure ƙafar tabarau, ina sa gilashi, ina gaya wa mutane firam ya yi musu kyau ko da ya mayar da su mujiya. Na taɓa aure, muka haifi biyu, muka rabu, yaran sun girma suna karatu. Ina zaman zamana sai Allah ya kawo min Sista, ma'aikaciyar jinya, wadda ta zauna a kan tabarau ɗinta a motar haya, ta kawo min shi ƙunshe a hankici kamar gawar tsuntsu. Gyaran bai ɗauke ni komai ba, amma na ce ta dawo a gwada. Ta dawo, na ce sai an ƙara daidaita hanci. Ta sake dawowa, na fara laluben wani dalili, sai ta dube ni ta saman gilashin ta ce, "Malam, idan magana gare ka ka faɗa, tafin ƙafata ya gaji."

Na faɗa. Ta saurara. Abin da ya rage shi ne mahaifinta ya ce ya ba ni, kuma a shekaruna, idan irin wannan ƙofa ta rufe, ba wata ake buɗewa ba.

Tsakanina da Baba akwai mutum ɗaya: yayanta. Malamin Turanci ne, tuzuru, shekarunmu kusan ɗaya. Ni na raɗa masa suna Kamus, a zuciyata. Sista ta ce duk macen da aka haɗa shi da ita ba ta wuce mako, don idan ta turo masa saƙon soyayya sai ya mayar mata da shi a gyare, har da waƙafi.

"Zai yi maka Turanci," in ji ta. "Ka amsa masa da Hausa. Ka ji ni?"

Na ce, "Haba Sista. Ni da nake karanta takardar likitan ido kullum?"

Ku riƙe wannan maganar. Daga nan komai ya lalace.

Ranar gaisuwa na sa rigata ruwan toka, wadda mai guga ya yi wa karin da zai iya yanka albasa. Takalmi kuwa na shafa masa mai har ina ganin gemuna a ciki. Na ciro tabarau mafi tsada a shagon da niyyar in mayar da shi washegari. A bakin ƙofa Sista ta miƙa hannu ta cire 'yar takardar farashin da ke lilo a bayan kunnena, ta shige ciki ta bar ni da iyayenta da yayanta.

Falon nasu mai tsafta ne har ka ji nauyin numfashi. Kujeru ruwan ƙasa da farin kyalle a kan hannuwansu, fanka mai ƙara kamar tana ƙorafi, tiren lemo da biskit a kan tebur, sai hoton Kamus da rigar kammala karatu, ya fi hoton auren iyayensa girma. Baba yana kan doguwar kujera, Mama a gefensa. Kamus ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya tambaye ni da Turanci ko zaman ya yi min daɗi.

Na ce, "Beri kampatebul."

Ya runtse ido kamar wanda ya tauna tsakuwa.

"Comfortable," in ji shi. "Babu tebur a ciki, Malam."

Na yi dariya irin ta mai neman aure, wadda ba ta wuce haƙori. Sai ya sake jeho wata, ko na taɓa aure.

To a nan ina so ku fahimce ni. Na san kalmar former. Amma ni da ita ba ma shiri, don idan na faɗe ta, farmer ake ji. Na taɓa cewa my former landlord a wani taro, wani ya tambaye ni me yake nomawa. Ex kuma ina jin ta kamar alamar da malami ke sa wa amsar da ba daidai ba, ba zan yi wa uwar 'ya'yana haka a gaban manya ba. Sai na tuna late. A sanina late na nufin wanda lokacinsa ya wuce. Ai ina jin ana cewa the late chairman, kuma duk wanda na ji an ce wa haka, ba ya kan kujera.

Na gyara murya na ce, "Yes. My late wife. We have two children."

Falon ya yi tsit, har fankar ta rage ƙorafi. Baba ya sunkuya ya raɗa wa Mama wani abu a kunne. Mama ta dafa ƙirji.

"Wayyo ɗan nan. An daɗe da tafiyarta?"

"An kwana biyu, Mama."

"Farat ɗaya ne?"

"Wallahi Mama, da safe muna tare lafiya lau. Kafin la'asar ta tafi."

"Kana wurin?"

"A gabana aka yi komai."

"Ta samu ta ce wani abu?"

"Cewa ta yi in kula da yaran. Dama ta sha gaya min tafiya za ta yi, ni ne ban ɗauka da gaske ba."

Mama ta kai bakin mayafi ido. "Haka suke. Suna ji a jikinsu."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Har kayanta ta haɗa tun ana saura kwana biyu."

Mama ta fashe da kuka. Baba ya ce Allah ya raya abin da ta bari, na ce amin da ƙarfi. A raina na ce, kai, waɗannan mutanen kirki ne, ban taɓa ganin inda ake girmama mutuwar aure haka ba. Kamus kaɗai ne bai taya su jimami ba. Yana ta kallona yana juya biro a yatsa.

Washegari da hantsi ina shago saƙon Sista ya shigo. Dama abin da na taɓa gaya mata shi ne ba ma tare da maman yara, kuma ba na son maganar. Ta rubuto: "Me ya sa ba ka taɓa gaya min yadda abin ya faru ba? Ka riƙe wannan kai kaɗai, ka raini yara. You are priceless."

Price dai farashi ne, less kuma babu. A shagona abin da ba shi da farashi shi ne ƙyallen goge gilashi, kyauta muke bayarwa. Na yi maza na duba a waya. Ashe nufinsa abin da ya fi ƙarfin kuɗi, wanda darajarsa ta wuce a yi masa ciniki. Na rufe shago da rana tsaka na zauna ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa allurar barci. Daga baya na ba ta labarin, ta yi ta dariya. Wannan ma ku riƙe shi.

Daga nan gata ya sauko min. Mama ta fara aiko min da abinci a kula, wai namiji shi kaɗai ba ya cin na kirki. Baba ya kawo tabarau ɗinsa da kansa na gyara, ya ce in zo ranar Asabar ya ba ni amsa.

Asabar na same su a falo an sauke tsofaffin labulaye. A babbar tagar an rataya wani sabo mai ruwan zuma don gwaji, a bayansa akwai mutum a kan kujera yana aiki. Ƙafafu kawai nake gani, cikin jan silifa. Kamus ne ya tare ni da fara'a, har da riƙe min hannu, abin da ya kamata ya sa in juya in gudu.

Bayan gaisuwa Mama ta ce, "Ɗan nan, kullum ina sa ta a addu'a. Allah ya jiƙan uwar 'ya'yanka, ya sa ta huta."

Na ce, "Mama, wa ya rasu?"

"Matarka mana," in ji Kamus, a hankali, kamar yana karanta wa 'yan aji. "Your late wife. Marigayiya. Ko ba haka ka gaya wa iyayena ba?"

Sai na ji wani tsaki daga bayan labule. Jama'a, na yi shekaru ina karyawa da wannan tsakin, ina cin abincin rana da shi. Ko a kasuwa aka yi shi zan ɗaga kai.

Labulen ya yaye. Maman yara ce, tef ɗin awo a wuya, allurai a baki. Na manta ban gaya muku ba, ɗinkin labule take yi, kuma duk garin ba mai hannunta. Ta sauko daga kujerar ba gaggawa, ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a gefen mayafinta.

"Amin, Mama," in ji ta. "Sai dai ban huta ba tukuna. Taga nake aunawa."

Mama ta yi salati ta ja baya har ta take tiren biskit. Baba ya cire tabarau ɗin da na gyara masa, ya dube shi kamar shi ma bai yarda da shi ba.

Na fara bayani, harshena yana tuntuɓe. Na rantse kuskure ne, na ce wata kalmar nake nufi.

"Wace kalma?" in ji Kamus. "Faɗe ta mu ji."

Na faɗa.

Maman yara ta tafa hannu. "To madalla. Ɗazu gawa ce ni, yanzu kuma manomiya."

Kamus ya juya ga mahaifinsa. "Baba, mutumin da zai binne mace da ranta don a tausaya masa a ba shi aure, me zai yi wa tamu?"

Baba ya dube ni ya ce, "Ka je. Za mu neme ka."

Kamus ya rako ni har bakin get, hannuwansa a baya. A nan ya ce min abin da har yau idan na tuna sai na nemi maganin hawan jini.

"Tun ranar farko na san kuskure ne. Wanda ya ce kampatebul ba zai iya shirya ƙarya mai kyau haka ba."

"To me na yi maka, Yaya?"

"Ba ka yi min komai ba. Kawai na auna ne, na ga kowane taron gida, har ƙarshen rayuwata, zan zauna ina jin ka. Kunnena ba zai ɗauka ba." Ya buɗe min get ɗin. "Safe journey."

Na ce, "Same to you." Shi da ba ya zuwa ko'ina.

Sista ta yarda da ni. Da na yi mata bayanin chairman ta yi dariya har ta sarƙe. Amma ta ce Baba ya ce zai yi tunani, Mama kuma ta ce in mayar mata da kulolinta, addu'o'in dai ta bar wa mai su. Maman yara kuwa ta samu sana'a ta biyu. Kullum da safe sai na tarar da saƙonta: "Gaisuwa daga lahira. Nan ma ana zafi." Wata rana: "Gawa tana tambaya, ka kira ɗanka kuwa?" Ta canza hotonta na waya zuwa farin yadi. Labari ya zaga, mata suka riƙa zuwa shagonta don su ga marigayiyar da ke ɗinki, suna fita da labule.

Ni kuwa na ɗaura aniya. Na ce sai na kama Kamus da kuskure a gaban iyayensa, ko da zan tsufa a kai. Na bi duk abin da yake rubutawa a waya, kalma kalma. Na shiga koyon Turanci a ɓoye, tsakanin mai saye da mai saye. A nan na gano cewa duk rayuwata ina cewa borrow me alhali ni ake ba wa aron. Na gano akwai d a Wednesday da ke zaune kawai ba ta aiki, kamar wasu ma'aikata. Na gano p ɗin da ke cikin receipt, wadda na sha wahala shekaru ina turo leɓe don in furta ta daidai, ashe ba a ma furta ta. Na gano kurakurai da yawa, duk nawa ne. Shi kuwa mutumin nan ko atishawa zai yi sai da nahawu.

Har na fara sarewa, sai ga ta a shago.

Maman yara ta shigo da sabon mayafi shuɗi mai 'yan duwatsu a baki, da wani turare da ban san ta da shi ba. Ta zauna a kujerar gwajin ido ba tare da an ce ta zauna ba, ta miƙo min wayarta.

"Karanta min. Kai da ka iya Turancin kisa."

"Wa ya turo?"

"Malamin nan. Yayan budurwarka." Ta kau da kai tana gyara zobe. "Ya ce in yi masa labulen ɗakinsa. Taga ɗaya ce a ɗakin, amma kullum sai ya ce in dawo in sake aunawa."

Na san wannan dabarar. Ni na ƙirƙiro ta.

Saƙon ya ce tun da ta rataya labulen bai ƙara sha'awar leƙa waje ba. A ƙarshe ya rubuta: "You are priceless. Indeed, invaluable."

"Na gane na labulen," in ji ta, muryarta ta yi wani laushi da ban taɓa samu ba ko ranar da aka kawo ta. "Waɗannan biyun na ƙarshe ne. Ba zan tambayi yara ba, ka san bakinsu."

Masu karatu, na ji ana cewa a irin wannan lokaci mutum yakan ji muryoyi biyu a zuciyarsa. Ni ɗaya na ji, kuma tana cewa kampatebul.

Na cire tabarau na goge shi tas, na mayar.

"Kin san price?"

"Farashi. Ni da nake ciniki?"

"Less fa? Kamar a useless. Ko careless. Ko jobless."

Na ga girarta ta fara haɗuwa.

"Value kuma daraja ce. Wannan in ɗin da ke gabanta, irin ta incorrect ce, da incomplete."

Ban ƙara ko harafi ba. Allah ya sani ban ce mata ga ma'anarsa ba. Na dai ajiye mata kalanzir a dama, ashana a hagu, na koma gefe.

Ta karɓi wayar a hankali. Ta miƙe, ta ɗaure mayafin nan mai duwatsu a ƙugu. Rabon da in ga wannan ɗaurin tun ranar da ta tafi kafin la'asar.

Tana fita na rufe shago, na suri kulolin Mama, na tari mota. Ai amana ce, dole a mayar.

Na tarar an fara. Baba da Mama suna falo, Kamus yana tsaye da kofin shayi a hannu, ita kuwa tana kan kujera tana zare labulen ruwan zuma daga ƙarfensa, zobe bayan zobe, bakinta bai tsaya ba.

"Ni ce ba ni da farashi? Ni ce ba ni da daraja? Wancan ya kashe ni, kai kuma ka zo ka ce gawar ma ba ta kai a saya ba. Ka sa na yi ta hawa kujera ina auna taga ɗaya kamar mahaukaciya, ashe raini ne. Da gemunka, da hotonka da ya fi bango. Ka gaya min da Hausa mana idan kai namiji ne."

"Madam, ba haka ba ne, kalmar tana nufin..."

"Kar ka koya min. Na kai an fassara min."

Ta finciko labulen, rana ta faɗo falon ta haske masa fuska. Turancin nan da ya yi shekaru yana yi wa jama'a bulala da shi ya tattara ya bar shi. Ya ajiye kofin, ya haɗa hannu biyu, ya ce:

"Madam, flease. Flease, ki saurare ni."

Kun ji? Flease. Da f, zalla, irin tamu ta gado.

Na ajiye kulolin a hankali don kada ƙararsu ta ɓata min lokacin. Na gyara wuyan riga. Na ce, "Yaya, please ake cewa. Da p. Ka haɗa leɓe."

Na ci abinci mai daɗi a duniya, an haifa min 'ya'ya, na taɓa tsintar wayata bayan ta ɓata a kasuwa. Babu wanda ya kai wannan.

Mama kuwa ba ta ma ji ni ba. Ta kama hannun Baba tana kallon ɗanta kamar yau aka haife shi. "Malam, ka ji? Mace yake rubuta wa saƙo. Shi da kansa. Kuma haka yake cewa flease yana ƙarami, kafin makaranta ta lalata shi."

Maman yara ta naɗe labulenta a hammata ta fice. Sai a lokacin na lura da Sista a bakin ƙofar ciki, da fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa. Ta karɓi wayar yayanta ta karanta saƙon. Sannan ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ɗin da na ɗaure da hannuna.

Ita ta rako ni get wannan karon.

"Wurinka ta kai a fassara mata."

"Sista, ni ban ce mata..."

"Ka san ma'anar kalmar nan. Ni na turo maka ita. Kai ka ce min har shago ka rufe don murna."

Akwai hanyar fita, na gan ta a buɗe. In ce na manta, in ce kaina ya ɗaure, in koma wawan da kowa ya riga ya yarda ni ne. Amma na gaji da zama wawa, ko da na gaskiya ne.

Na ce, "Na sani."

"Na farko kuskure ne, na tsaya maka. Wannan da gangan ne."

"Da gangan. Kuma in aka sake ba ni wayar, zan sake."

Ta daɗe tana kallona. Ban gane ko dariya take dannewa ko kuka ba. Ta rufe get ɗin, ba safe journey, ba komai.

Kwana biyu wayata shiru. Ko gaisuwar lahira ba ta zo ba. Na zauna a shago ina ɗaure ƙafar tabarau, ina gaya wa kaina cewa na rama, kuma ramuwa ta ishi mutum. Ba ta isa ba. Ba ta kawo abinci a kula, ba ta dubanka ta saman gilashi.

Jiya da rana saƙon Sista ya shigo, da Hausa zalla, wanda ya nuna min ba wasa.

"Yaya ya daina cin abinci. Ya ce tunda yake bai taɓa sauraron mace daga farko har ƙarshe bai ji yana son gyara mata ko kalma ɗaya ba sai ita. Mama ta ce shekara da shekaru take jiran wannan rana, ba za ta bari mai tabarau ya ɓata mata ba. Baba ya yanke hukunci: wanda ya ɓata shi zai gyara. Ranar da mai labule ta yarda ta saurari Yaya, ranar Baba zai saurare ka."

Ina cikin karantawa wani ya biyo baya: "Idan abin ya yiwu, matar yayana za ta zama. Ka fara koyon durƙusa mata."

Ku duba min wannan lissafi. Na tashi in ƙona mutum, na ƙare da zama ɗan aikensa. Idan na gaza, na rasa Sista. Idan na yi nasara, matar da ta bar ni kafin la'asar za ta zauna a saman kujera a kowane taron gida, ni ina ƙasa ina cewa Anti ina wuni.

Na haɗiye abin da zan haɗiye, na rubuta wa maman yara gaskiya, na ce ni na karkatar da ita, kalmomin yabo ne, mafi girma da Turanci ke da su. Ta karanta, ta bar ni ina kallon shuɗiyar alamar an karanta har na yi wa mutum biyu gwajin firam. Sannan ta amsa:

"Gawa ba ta magana da wanda ya kashe ta. Amma ka gaya wa malamin, idan da gaske yake, ya rubuto da Hausa. Kuma idan na ga kuskure ɗaya, shi ke nan."

Na tura wa Sista. Ban ajiye wayar ba ta fara ruri, baƙuwar lamba. Na ɗauka. Muryar ta dushe, amma na gane ta.

"Malam, ni ne. Yayan Sista." Ya yi gyaran murya. "Na zauna tun ɗazu da takarda. Na rubuta ina sonki a haɗe, na raba, na sake haɗewa. Ban taɓa rubuta wa mace Hausa ba. Don Allah, ya ake cewa priceless da Hausa?"

Na dubi agogo, na tashi na juya allon ƙofa zuwa an rufe. Na jawo kujerar gwajin ido, na miƙe ƙafa a kan akwatin firam, na kwance maɓallin wuya.

Zan taimake shi, dole ne, aurena yana cikin aljihunsa. Amma ba wanda ya ce in yi sauri.

Na ce, "Yaya, kana kampatebul? Nemi wuri ka zauna. Karanto min daga farko, a hankali. Kuma ka sani, ni ba na barin ko waƙafi."